Ɗana ya daina shan ƙwaya, amma unguwa ta ƙi mantawa

Tambaya daga wata uwa a Gusau: Ɗana ɗan shekara 24 ne. Ya fara shan tiramol lokacin da yake aikin haƙar zinare wajen Anka, daga baya ya haɗa da maganin tari. Mun kai shi asibiti, yau wata bakwai bai sha komai ba. Amma har yanzu mahaifinsa da ka yake amsa gaisuwarsa, 'yan unguwa suna kiransa ɗan ƙwaya, ko me ya ɓata shi ake fara kallo. Ina tunanin in tura shi wurin kawunsa a wani gari, in ce wa mutane aljanu ne suka taɓa shi. Ga shi kuma ya fara maganar aure. Yaya zan yi da wannan abin kunya?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Wata bakwai ba wasa ba ne. Mu da muke jinyar masu fama da shaye-shaye mun san abin da ake sha kafin a kai nan: makon farko na ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da hamma ba ƙaƙƙautawa, sannan makonnin rashin barci, sannan watannin da komai ke fita a rai, abinci ba daɗi, hira ba daɗi. Yaronki ya ratsa duk wannan. Abin da ya rage masa yanzu yana cikin gida da ƙofar gida, kuma a ganina shi ne ya fi hatsari. Da yawa daga cikin waɗanda na ga sun koma ruwa, jikinsu ya daɗe da daina neman ƙwayar. Abin da ya mayar da su shi ne sun duba sun ga dainawar ba ta canza musu komai a idon mutane ba, kuma wuri ɗaya da ake yi musu maraba da fara'a shi ne tsohuwar majalisarsu.

Bari in fara sauke miki wannan tunani na cewa gidanki kaɗai abin ya faɗa wa. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, an gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa a cikin shekara guda a Najeriya, ban da giya da taba sigari. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kashi 12 cikin 100 ne, kusan mutum miliyan 3. A faɗin ƙasar kuma, masu shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba sun kai miliyan 4.6. Idan kika raba wannan adadi a kan unguwanni, za ki ga da wuya a samu layin da babu gida mai irin damuwarki. Bambancin kawai, naki ya fito fili saboda kin nemi magani. Binciken nan kuma ya tambayi waɗanda shan ya yi wa katutu, kusan kashi 40 cikin 100 suka ce suna son magani amma ba su samu ba, kuma cikin manyan dalilan da suka bayar akwai tsada da tsoron tsangwama. Na sha ganin saurayi ya ajiye babur ɗinsa nesa da asibiti ya ƙaraso da ƙafa, katinsa a naɗe cikin hula, yana waige-waige kafin ya shigo. Wani sai ya tsallake asibitin garinsu ya biya kuɗin mota zuwa wani gari, don kada ya haɗu da idon sani. Ranar da kuɗin motar ya gagara, magani ya tsaya ke nan.

Yadda ya fara ma ya kamata mahaifinsa ya ji. Duk wanda ya san aikin rami a Anka ko Bukkuyum ko Maru ya san mutum na wuni yana sara dutse, ya kwana a daji, gobe ya koma. Ana miƙa wa yaro ƙwaya ɗaya a ce ta kashe gajiya, kuma gaskiya tana kashewa a farko. Haka ake yi a ƙodagon gona, da kabu-kabu, da lodin kaya a tasha. Tiramol magani ne na asibiti, likita ba ya wuce miligiram 400 a wuni guda, amma wadda ake sayarwa a ɓoye ƙwaya ɗaya tak tana kai 225, wasu kuma suna haɗa uku ko huɗu su watsa. Bayan 'yan makonni ƙwaƙwalwa takan saba, ta rage samar da nata sinadaran da ke kwantar da ciwo da kawo nishaɗi. Daga nan mutum ba don jin daɗi yake sha ba, yana sha ne don ya iya miƙewa da safe. Wannan ba ya wanke shi daga laifin farawa, ko daga abin da ya yi wa mutane a lokacin. Amma yana bayyana dalilin da ya sa zagi da duka da rantsuwa da Alƙur'ani ba su raba shi da ita ba sai da aka yi magani.

Maganar aljanu, ina roƙonki ki bar ta. Na san abin da ya sa take da sauƙin faɗa: tiramol mai yawa tana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, mutum ya faɗi yana kumfa, kuma wanda aljani ya taɓa tausayinsa ake ji. Sai dai 'yan unguwa sun riga sun sani, ba wanda za ki ruɗa. Wanda zai ɗauki saƙon shi ne ɗanki, zai fahimci cewa abin da ya same shi ya yi munin da ko mahaifiyarsa ba ta iya ambatonsa. Sannan gobe idan ya shiga wani hali, dangi za su ce a kai shi wurin masu cire aljanu, a bar asibiti. Addu'a da karatun Alƙur'ani ku riƙe su da kyau, ba sa karo da magani. Kuma ba dole ba ne ki zauna kina ba kowa labari dalla-dalla. Wanda ya tambaya ki ce, "Ya yi fama, an yi masa magani, yana samun sauƙi, a taya mu da addu'a." Ki faɗa kanki a ɗage, ki wuce. Mai gulma abin da ake ɓoyewa yake bi. Mutum ɗaya ne ba a rage masa komai, shi ne likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato Alhaji, mahaifinsa. Unguwa tana kallon yadda gida ya riƙe yaro ne kafin ta yanke yadda za ta riƙe shi. Muddin uba na kau da kai idan ɗansa ya durƙusa, to an ba kowane yaro a layi izinin jifansa da suna. Kada ki ɗauki shirun Alhaji a matsayin ƙiyayya. Na ga iyaye maza da yawa masu irin wannan hali. Wani zai kawo ɗansa asibiti ya ƙi shiga ɗakin, ya tsaya bakin ƙofa yana jan carbi, sai ma'aikaciya ta zo wucewa ya rage murya ya ce, "Ya ci abinci kuwa?" Mutum ne da aka taɓa yi wa alkawari aka karya, wataƙila an sayar masa da buhun hatsi ko an ɗauke masa kuɗi a aljihu, an kuma yi masa habaici a majalisa. Yana tsoron ya sake sakin jiki a sake kunyata shi. Don haka kada ki tsare shi da gardama, kada kuma ki yi maganar a gaban yara. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko limamin masallacinsu, kuma abin da za a roƙa ya zama ƙarami wanda zai iya. Ya amsa gaisuwa da baki, ya kira sunan yaron. Ya tashe shi sallar Asuba su fita tare. Ranar Juma'a su jera zuwa masallaci, mutane su gani. Idan an kawo tuwon dare zaure, a kira shi ya sa hannu cikin kwano tare da 'yan'uwansa maza. Idan Alhaji ya yarda ya raka shi ganin likita ko sau ɗaya ne, ya ji bayani daga bakin wani namiji babba, sau da yawa daga nan abubuwa suke fara warwarewa.

Wanda zai yi wa Alhaji magana yana da hujja mai ƙarfi a addini, malamai sun fi ni iya jero ta. Bukhari ya ruwaito cewa akwai wani sahabi mai suna Abdullahi da yakan ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya, kuma an sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa bulala. Wata rana da aka sake kawo shi sai wani mutum ya ce Allah ya la'ance shi, sau nawa ake kawo shi. Annabi ya ce kada ku la'ance shi, ya kuma rantse cewa abin da ya sani shi ne mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar, da wani ya ce wa mashayin da aka hukunta Allah ya wulaƙanta ka, Annabi ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kansa. Ki lura, wannan mutum ne da yake kan sha ana ta kama shi, an zartar masa da hukunci, amma aka hana a tozarta shi. To ina ga wanda ya tuba ya yi wata bakwai? Giya kanta ba a rana ɗaya aka haramta ta ba, an bi mataki-mataki, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, kuma Nana A'isha ta ce da abin da aka fara saukarwa shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa barinta ba. Kiran mutum da sunan da yake ƙi kuwa, Suratul Hujurati ta hana shi ƙarara. A jiha irin tamu da ta kasance ta farko wajen ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ya kamata a riƙa jin wannan ɓangaren a huɗuba kamar yadda ake jin ɓangaren haramci. Zan so ki roƙi liman ya taɓo shi ba tare da ya ambaci sunan kowa ba.

Sai dai kada mu yi wa maƙwabta rashin adalci. Idan a lokacin da yake sha ya ɗauki wayar wani, ko akuyar wata, ko ya zagi dattijo, to shakkar da suke yi tana da tushe, kuma ba a goge ta da cewa ciwo ne. Ya je da kansa, tare da wani babba, ya nemi gafara, ya biya abin da zai iya biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Wannan yana da nauyi sosai, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi gyara suna. Haka amana a gida: a fara aikensa da kuɗin cefane, ya kawo canji, a ƙara. Kada a damƙa masa jari mai yawa rana ɗaya, kada kuma a riƙa kulle ɗaki da ƙarfi a gabansa duk lokacin da ya shigo. Idan abu ya ɓata a unguwa aka nuna shi, amsar gida ɗaya ce: a bincika kamar yadda za a bincika kowa.

Akwai wani abu da ya keɓanci Zamfara wanda ba zan tsallake ba. Saboda an san 'yan bindiga suna shan ƙwayoyi, sai ya zama a wasu wurare da zarar an ce yaro yana sha, maganar da ke biyo baya ita ce ko infoma ne. Ɗanki kuma ya zauna a daji wurin haƙar zinare. A halin da ake ciki irin wannan jita-jita tana iya cin ran mutum. Shi ya sa nake ba da shawarar Alhaji ya ɗauki yaron su je wurin mai unguwa tun babu abin da ya faru, ya ce ga ɗana, ga abin da ya same shi, ga takardar asibiti, ga sana'ar da yake yi yanzu. Mai unguwa da liman idan suka san gaskiya daga bakinku, su ne za su tare magana ranar da ba kwa nan.

Tura shi wani gari yana iya amfani, yana iya cutarwa. Idan dillalinsa yana bayan gidanku, abokan shan kuma kullum suna fito a ƙofa, canjin wuri na ɗan lokaci taimako ne. Amma sai da yardarsa, sai kawun ya san gaskiya duka, sai akwai aikin da ke jiransa, sai kuma an haɗa shi da asibitin da zai ci gaba da zuwa can. In ba haka ba, zai ɗauka korarsa aka yi don a huta da ganinsa, kuma babu garin da ba a sayar da ƙwaya. Zaman banza da kaɗaici su ne suka fi saurin mayar da mutum.

Dole kuma in gaya miki abin da iyaye ba sa son ji: yana iya zamewa. Bincike ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa maganin shaye-shaye sukan sake sha a wani lokaci, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa ba. Mai hawan jini idan jininsa ya hau, komawa asibiti yake yi a gyara masa magani, ba wanda ke cewa ya ci amanar gida. Ku zauna da yaronki tun yanzu ku yi yarjejeniya: in ka zame, ka gaya min a ranar, ba zan yi maka kururuwa ba, asibiti za mu koma. Yaron da ya san za a tsine masa ɓoyewa zai yi, zamewar kwana ɗaya ta zama ta wata shida. Kuma akwai hatsarin da mutane ba su sani ba. Bayan wata bakwai jikinsa ya manta da ƙwayar, adadin da yake sha a da lafiya lau yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Idan kika same shi ba ya farkawa, numfashinsa na fita a hankali ko yana wani irin minshari, leɓensa ya canza launi, ki kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, a garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a faɗi abin da ya sha ba kwana-kwana. Akwai allura mai suna naloxone da ke dawo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne. Abin da ya fi ci min rai a aikin nan shi ne gidan da aka jira har dare ya raba, don kada maƙwabta su ga an fito da yaro ranga-ranga.

Idan an kai ga sake kwantar da shi, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, wanda mutanen Zamfara da Kebbi suke zuwa. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma, bayan kame, tana da ɓangaren ba da shawara, da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Gidan mari kam kada ki yarda, ko wa ya kawo shawarar. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, aka kuma samu irinsa a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda can ba wanda zai gani. A watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci. Ko a asibiti, idan wani ma'aikaci ya ce wa ɗanki "kai ka jawo wa kanka" a gaban jama'a, kina da ikon kai ƙara wurin shugaban sashe. Irin wannan magana ɗaya tana hana mutum dawowa.

Wani abu a gefe, tunda ke uwa ce kuma mata za su riƙa zuwa miki a asirce idan suka ga yadda kika tsaya. Binciken da na ambata ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce, amma matan da ke zuwa neman magani ba su taka kara sun karya ba. Gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, duk da haka akwai matan aure da 'yan mata da suke sha a ɗaka, wasu tun daga ciwon haihuwa, wasu baƙin cikin zaman aure, wasu abin da suka gani ranar da aka tashi ƙauyensu. Namiji ana zaginsa amma ana kai shi asibiti. Mace takardar saki take tsoro. In wata ta buɗe miki cikinta, ki rufa mata asiri, ki raka ta ganin likita.

Batun aure, ra'ayina a jira. Aure ba magani ba ne, kuma ba adalci ba ne a ɗauko 'yar mutane a mayar da ita mai jinya ba da saninta ba. Ya cika aƙalla shekara guda bai sha ba, ya samu abin yi da zai riƙe gida, likitansa ya gamsu. Son auren da yake yi alama ce mai kyau, yana hango gobe ke nan, don haka kada a kashe masa gwiwa, a sa masa lokaci da sharuɗɗa bayyanannu. Idan lokacin ya yi, waliyyin yarinya da ita kanta su ji gaskiya daga ɓangarenku tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a keɓe, ta bakin wani dattijo: ya taɓa sha, ya yi magani, ga tsawon lokacin da ya ɗauka bai koma ba, ga wanda za ku tambaya. In sun nemi gwaji a yi, amma su san gwajin fitsari kwanakin baya-bayan nan kawai yake nunawa, shaidar maigidansa na wurin aiki da ta limamin unguwa ta fi shi faɗin halin da yake ciki. Wasu gidajen za su ce a'a, kuma haƙƙinsu ne. Ki shirya shi tun kafin a je, ki kuma sanar da likitansa makon da za a yi maganar, domin kwanakin da ke biyo bayan irin wannan amsa suna cikin waɗanda ake buƙatar a sa masa ido sosai.